Masu motocin ɗaukar kaya, a kula da man pon

Duk wanda ya saba bin hanyoyin kasuwannin ƙauye a jihohin Maraɗi, Damagaram da Tawa ya san cewa ƙaramar motar ɗaukar kaya, wadda muke kira bashe, ita ce jakin wannan zamani. Ita ke kai hatsi da wake kasuwa, ita ke komowa da gishiri da siminti, kuma sau da yawa ita ke kai mai naƙuda asibiti cikin dare. Masu waɗannan motoci suna kula da man inji gwargwadon hali, domin yana da sandar awo, yana da fitila a gaban direba. Amma akwai wani mai da ba shi da ko ɗaya daga cikin biyun, ba a tunawa da shi sai ranar da mota ta fara kuka daga baya. Shi ne man pon.

Pon shi ne wannan tulun ƙarfe da ke tsakanin ƙafafun baya. A takardun faransanci sunan abin da ke cikinsa différentiel, kuma a matsayina na mai fassara na daɗe ina neman kalmar Hausa da za ta zauna masa, sai na tarar makanikai sun riga ni yanke hukunci. Aikinsa biyu ne: ya karɓi juyin da ke zuwa daga akwatin giya ya karkata shi zuwa ƙafafu, sa'an nan ya ba ƙafar waje damar juyawa fiye da ta ciki idan mota tana shan kwana.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan magana, da idona na gan shi. Wata rana cikin bazara na shiga wata bashe daga Dakoro zuwa Maraɗi, an loda mata buhunan wake har sun haye ƙarfen rumfa. Tun kafin mu yi nisa sai muka ji wani gunji daga ƙarƙashi, yana ƙaruwa idan direba ya taka, yana raguwa idan ya saki. Da ƙyar muka kai wani gari inda akwai tsohon makanike. Ya shiga ƙarƙashin mota, ya kwance matoshi, ya dangwala yatsa ya sansana, sa'an nan ya dubi yaron mota.

"Kai yaro, me ka zuba a nan?"

"Baba, mai ne. Na ga ya ragu, na cika da ragowar na inji."

"Tun yaushe?"

"Tun kaka nake ƙarawa."

Tsoho bai yi masa faɗa ba. Ya dai gaya wa mai motar cewa haƙoran ciki sun riga sun cinye, sai an sake su. Muka kwana a nan, wake bai ga kasuwar da aka nufa da shi ba.

Yaron nan ba mugunta ya yi ba. Ya bi abin da mutane da yawa suka ɗauka gaskiya ne, wato mai duka mai ne, bambancinsu kauri kawai. To, ba haka ba ne, kuma dalilin yana cikin ƙirar haƙoran. A kusan dukan motocin ɗaukar kaya na yau, ƙaramin ƙarfe mai haƙora da ke tura babban faifai ba a tsakiyar faifan yake ba, an ɗan saukar da shi ƙasa. Wannan ƙira ana ce mata hypoïde, kuma ta fara shiga motoci ne a Amurka a 1926. Tana da ƙarfi, ba ta da ƙara, amma haƙoranta ba birgima kaɗai suke yi a kan juna ba, har da goga, a ƙarƙashin nauyi mai tsanani. Man inji ba ya iya tsayawa tsakaninsu: ana matse shi ya fita, ƙarfe ya haɗu da ƙarfe. Shi ya sa ake haɗa man pon da sinadarai masu farar wuta da fosfor, waɗanda idan wuri ya yi zafi sukan shimfiɗa wata ƴar fata a kan haƙori, ita ke cinyewa maimakon ƙarfen. Farar wutar nan ce ke ba man warinsa mai hawa kai, kuma rashin wannan wari ne ya tona asirin yaron mota a hancin tsoho.

Saboda haka, ƴan uwa, abu na farko da za a duba a jikin gwangwani shi ne haruffa, kafin lamba. Man da ya dace da irin wannan pon shi ne wanda aka rubuta wa API GL-5. Akwai ɗan uwansa GL-4, mai ƙarancin waɗannan sinadarai, wanda yawancin akwatunan giya ke so, domin a cikinsu akwai zobba na tagulla da ba su shiri da yawan farar wuta. Kada a musanya su don kawai gwangwanayen sun yi kama.

Bayan haruffa sai lamba, wadda ke nuna kauri. A shagunanmu an fi samun 80W-90 da 85W-140, akwai kuma 75W-90 mai tsada. Lambar farko mai W tana nuna yadda man ke gudana cikin sanyi, ta biyu kuwa kaurinsa idan ya yi zafi, kuma ita ce ta fi damunmu, mu da zafin Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40 a inuwa. Kada girman lambar ya ruɗe mu: ma'aunin man giya dabam yake da na inji, mai lamba 90 kaurinsa bai wuce na man inji mai lamba 40 ko 50 ba. Makanikanmu da yawa sun fi son 140, suna cewa shi ke jure kaya da rairayi. A ganina suna da hujja idan motar tsohuwa ce mai shan lodi a doguwar hanya irin ta Tawa zuwa Agadas. Amma wasu sababbin motoci an ƙera su don mai marar kauri, kamar 75W-85, kuma littafin mota ya fi kowane makanike sanin abin da aka zuba mata tun daga masana'anta. Idan ƙari ne kawai za a yi, a nemi irin wanda ke ciki. In kamfani ya bambanta amma haruffa da lamba ɗaya ne, babu laifi.

Akwai motoci iri biyu da ke buƙatar ƙarin hattara. Na farko su ne masu pon da ke hana ƙafa ɗaya yin ta juyawa ita kaɗai cikin rairayi ko laka. A wasu Toyota Hilux ana ganin takarda manne a jikin pon mai haruffan LSD. Waɗannan suna da faya-faye a ciki, sai man da aka rubuta wa LS, in ba haka ba za a riƙa jin kakkarwa a kwana. Na biyu su ne tsofaffin Peugeot 403 da wasu 404, waɗanda ponsu ke da faifan tagulla da ƙarfe mai murɗi ke turawa. Da yawansu man da aka haɗa da man zurma ake zuba musu, wanda ba a gauraya shi da man giya na yau da kullum. Sun yi ƙaranci a hanya, amma wanda ya gaji ɗaya ya tambayi dattawan garaji kafin ya zuba komi.

Awon kansa ba shi da wuya. A tsayar da mota a shimfiɗaɗɗen wuri, a bari ta huce, a share ƙura, a kwance matoshin da ke gefen tulun, ba na ƙasa ba. Idan mai ya kai bakin ramin, ko ya kusa, ya isa. Idan yatsa bai taɓo shi ba, a zuba sannu a hankali har ya fara komowa, a bari rarar ta zube, a rufe. Cikawa fiye da haka ba alheri ba ne, sai ya sa mai kumfa da zafi.

Sai dai pon ba ya ƙone mai kamar inji. Idan ya ragu, to, ta wani wuri ya fita. A duba robar da ke gaban tulun, a duba bayan ƙafafu, domin man da ya bi ta nan yakan jiƙa birki, wannan kuwa magana ce ta rai. Sau da yawa mai laifin wata ƴar ƙofar shan iska ce a saman pon: idan ƙura ta toshe ta, iskar ciki ta kumbura da zafi, sai ta tura mai ta robobi. Da damina kuma, motar da ta ratsa gulbi ko ƙorama ponta na da zafi takan zuƙi ruwa. Man da ya koma kamar kunu, ko wanda ke da ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli, ba a yi masa ƙari, juye shi ake yi gaba ɗaya. Yawancin waɗannan motoci lita 2 zuwa 4 ke cika su.

Game da wurin saye, man kwalba na bakin hanya ba shi da haruffa, ba shi da lamba, kuma mai sayarwa kansa sau da yawa bai san daga wace ganga aka ɗebo shi ba. A sayi gwangwani rufaffe, a buɗe shi a gaban mai mota, a ajiye ragowar a bayan kujera inda yaron mota zai same shi ranar da ya ga mai ya ragu.