Na'urar Da Ke Gano Zirarewar Tururin Fetur A Tankin Mota

ABUJA — Tun bayan da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, matakin da ya kai farashin lita ɗaya Naira 617 a Abuja a watan Yulin shekarar, masu motoci suka ƙara sa ido kan abin da suke zubawa a tanki. Sai dai akwai asarar da ido ba ya gani, wato fetur ɗin da ke zirarewa ta hanyar tururi, musamman a zafin watannin Maris da Afrilu.

Yawancin motocin tokumbo da ake shigowa da su daga Amurka suna ɗauke da wata ƙaramar na'ura mai auna matsin iskar cikin tanki, domin tun daga 1996 dokar ƙasar ta wajabta wa sababbin motoci tsarin binciken kansu da ake kira OBD-II.

A irin waɗannan motoci, tururin fetur yana taruwa ne a cikin wani gwangwani mai gawayi, kafin injin ya ja shi ya ƙona. Lokaci-lokaci kwamfutar motar takan rufe ƙofar shigar iska, ta bar injin ya zuƙe iskar tankin, sannan na'urar ta lura da matsin. Idan ya tsaya yadda yake, tanki lafiya lau. Idan kuwa ya dawo da sauri, to iska na kutsawa ta wani wuri. Ta haka ake gano ɓular da ba ta wuce rabin milimita ba, sai fitilar gargaɗi ta kama a gaban direba.

Lambar P0455 tana nuna babbar ɓula, P0456 kuma 'yar ƙarama. Sau da yawa matsalar ba ta wuce murfin tanki da bai ɗauru ba, ko tiyon da ya tsage. Cika tanki maƙil bayan famfo ya tsaya, kamar yadda ake yi lokacin ƙarancin mai, shi ma yakan jiƙa gawayin ya lalata shi.

Saboda haka, mai motar da ya kai ta unguwar makanikai ta Apo zai fi cin riba idan ya nemi a gano ɓular a toshe ta, maimakon a goge lambar kawai. Kuɗin sabon murfi kaɗan ne, alhali fitilar da aka saba gani a kunne tana iya ɓoye babbar matsalar inji, ta kuma rage darajar mota ranar sayarwa.