Bargon haɗin ƙyalle: inda sabon hannu ke tuntuɓe

Wanda ya taɓa kallon hawan sallah a Kano ya ga 'yan lifida, su da dawakansu cikin sutura mai kauri. Lifidi yadi biyu ne da aka cusa wa auduga a tsakani, aka bi da ɗinki don kada ta dunƙule wuri guda, kuma littafin tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Kanajeji (1390–1410) ne ya fara shigo da shi fagen fama. Dabarar nan ce ake yin bargon haɗin ƙyalle da ita a Amurka da Turai: haɗaɗɗun ƙyallaye a sama, auduga a tsakiya, shafi a ƙasa, ɗinki ya ratsa duka ukun.

Mai koyo yakan ɗoki zane mai taurari da kusurwoyi, alhali ƙyallen da aka yanka a karkace miƙewa yake yi da an ja shi. Gara ya fara da murabba'i tara, uku a tsaye uku a kwance, ya yi ɗan bargon jariri. Yadin kuma ya zama na auduga zalla. Ragowar atamfar da tela ke sharewa da yamma ta wadatar, muddin ba a gauraya ta da leshi ko yadi mai santsi ba. A wanke kafin a sa almakashi, domin auduga na tsukewa a wankin farko, ja da shuɗi kuma sukan yi zuba su ɓata fari.

Amma a ganina inda gizo ke saƙa shi ne bakin ɗinki. Masu wannan sana'a sukan bar rubu'in inci daga bakin ƙyalle zuwa layin zare, a kowane haɗi, ba ƙari ba ragi. Shi ya sa mai son murabba'i na inci 4 yake yanka inci 4 da rabi. Tela da ya saba da riga zai ce ɗan kuskure ba ya kashe ɗinki. A riga gaskiyarsa ne, a nan kuwa kuskuren taruwa yake. A ce hannu ya zarce da kashi ɗaya bisa takwas na inci. Kowane haɗi ƙyalle biyu yake ci, an yi asarar rubu'in inci ke nan. Dogon jeri guda mai murabba'i tara yana da haɗi takwas, sai a tarar ya gaza na kusa da shi da inci 2 cur, kusurwoyi sun ƙi haɗuwa, mai ɗinki ya hau zagin keke. Maganin ba ya cin ko sisi: a auna rubu'in inci daga allura, a manna tef a jikin keken, bakin ƙyalle ya riƙa bin gefensa. Bayan kowane haɗi a ɗora dutsen guga a danna a ɗaga, ban da ja, don ja na karkatar da yadi.

Wani zai ce daidaita awon ba dole ba ne, ya kawo misalin matan Gee's Bend, ƙauyen baƙar fata a jihar Alabama, waɗanda suka yi barguna da tsofaffin kayan aikin gona, layukansu a karkace, har aka baje kolinsu a gidan kayan fasaha na Houston a 2002. Haka ne. Sai dai su tun suna yara suke riƙe da allura a gaban iyayensu mata, sun san karkatar da za ta kwanta lafiya da wadda za ta tattare bargo.

In fuska, wato haɗaɗɗun ƙyallayen sama, ta kammala, a shimfiɗa shafi a daɓe mai tsabta, a bar shi da audugar su ɗara fuskar da inci 3 ko 4 ta kowane gefe, saboda ɗinki na janye su. A kafe ukun da fil, tazarar tafin hannu tsakanin wannan da wancan. Ɗinkin ratsawa daga tsakiya ake fara shi a nufi gefe, don tattarar yadi ta samu mafita. Wanda kekensa ya kasa haɗiye kaurin, ya ɗauki allura babba da zare mai ƙarfi, ya soka a kowace mahaɗar murabba'i ya ƙulla, sannan ya naɗe bakin bargon da dogon ƙyalle mai ninki biyu.