Mai Renon Dashe a Zongon Kwatano

Wanda ya taso a Katsina ko Maraɗi ya san abu guda game da shuka: ƙishirwa ce ajalinta. Da wannan sani yake sauka Kwatano, ya kama ɗaki a Zongo, ya samu reshen na'a-na'a ko na shuwaka ya kafa a tsohon bokiti, ya dinga kwarara masa ruwa safe da yamma. Kwana biyar ganye ya yi yaushi, sai ya ƙara ruwa. Ranar da ya tumɓuke reshen ya duba, gindin ya yi baƙi, ya yi yauƙi kamar dafaffiyar kuɓewa, ga wari. Ni ma haka ta faru da ni, har sau uku, kafin na sauke girman kai na je wurin masu sana'ar.

Mai renon dashe ba ya jiran iri ya tsiro. Reshe yake yanka daga jikin uwa, ya lallaɓa shi har ya yi saiwa, ya sayar. Zogale, lalle, shuwaka, na'a-na'ar masu shayi, furannin ado da ake jerawa a bakin titi, duk ta wannan hanya ake yawaita su. Abin da reshe ya zama, uwarsa ce sak: ɗanɗanonta, ƙamshinta, har da cutarta in tana da ita. Shi ya sa aikin yake farawa daga zaɓen uwa. Dattijon da na zauna wurinsa, a wani lungu da bai fi shimfiɗar tabarma huɗu ba, ba ya yankan reshe daga shukar da ganyenta ya yi dabbare-dabbare, ko da kyauta aka ba shi.

Da sanyin safiya yake yanka, kafin rana ta sha ruwan jikin reshen. Reza sabuwa, ko almakashin da ya kwana a wanke. Yakan zuba murfi ɗaya na ruwan Javel mai kashe ƙwayoyin cuta cikin murfi tara na ruwa, ya tsoma ƙarfen, ya ɗauraye kafin ya taɓa wata uwar. Yanka ɗaya ne, a karkace, dab da ƙarƙashin gaɓa. Sai ya tsige ganyen ƙasa duka, ya bar biyu ko uku a sama, manyan ma ya rage su rabi. Na tambaye shi, “Baba, ba a yi ɓarna ba kuwa?” Bai ce komai ba, ya ɗago wata kwalba da wani yaro ya jiƙa na'a-na'a a ciki da ganyenta. Ruwan ya yi kauri, ganyen da ya nutse ya narke, ruɓar ta riga ta hau kara.

A nan ilimin sana'ar yake. Gindin reshe sabon rauni ne, kuma rauni yana son iska. Ruwan da ya ɗumama ba ya riƙe iska kamar mai sanyi, ruwan da ya kwanta kuwa ya fi muni. A irin wannan ruwa ne wata ƙwayar cuta da masana ke kira Pythium take samun gida. 'Ya'yanta iyo suke yi, don haka reshe ɗaya mai ciwo a cikin baho ya isa ya rarraba wa sauran. 'Yar'uwarta, Phytophthora, ita ta ruɓar da dankalin ƙasar Ayalan daga shekarar 1845, yunwa ta kashe mutane kusan miliyan ɗaya. Pythium ba ƙaramar abokiyar gaba ba ce, kuma Kwatano gari ne da ya dace da ita: teku a kudu, tafkin Nokoué a arewa, damina biyu a shekara, ruwan sama kimanin milimita 1,300, ga laima a iska ko da ba a yi ruwa ba.

Saboda haka dattijon ba ya amfani da ƙasar kwata ko taɓon bakin rariya. Yashi mai tsabta yake gaurayawa da ɓuntun shinkafa da aka babbake da ɗan garin gawayi. Kowace leda a huje take ta ƙasa, kuma a kan katako ya jera su, ba a kan siminti ba, da tazarar da iska za ta ratsa. Kafin ya ba da ruwa sai ya cusa yatsa. In da danshi, ya wuce. Waɗanda yake renon su a ruwa zalla, kwalba ɗaya ba ta wuce reshe biyu ko uku, a inuwa mai haske, kuma kullum ko bayan kwana biyu yana sauya ruwan. Saiwa mai lafiya fara ce tas, tana da ƙarfi. In ta koma ruwan ƙasa, fatarta na saɓulewa tana barin zare, ba ya jinya. Ya jefar da reshen da ruwan, ya wanke kwalbar. Na ga ya zubar da leda goma a safiya ɗaya ba tare da ya ɓata fuska ba, kuma a ganina wannan ƙarfin hali ne ya raba gwani da ɗan koyo.

Masu lambun Houéyiho, kusa da filin jirgin sama, waɗanda suke noman ganye a wurin tun 1972, sun san wannan cuta ta ruɓa a gadajen yafinsu: tsiro ya fito kore shar, washegari ya tsuke daga gindi ya kwanta. Manyan cibiyoyi ma da ita suke kokawa. Tun 2016 cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan, wadda ke da reshe a Abomey-Calavi, take yawaita irin rogo ta hanyar yanka ƙananan rassa ana renon su a rufaffun robobi da ruwan taki, ana sake yanka bayan mako biyu zuwa uku. A gona, karan rogo ɗaya bai cika ba da fiye da dashe goma a shekara ba. Amma ƙa'idar ɗakin binciken ita ce ta lungun Zongo: uwa mai lafiya, wuƙa mai tsabta, ruwa daidai gwargwado.

Abin da ke damuna shi ne yadda yaranmu ke raina aikin. Zongo unguwa ce da kusan kowane lungu akwai mai shayi, kowane gida ana miyar ganye, kuma jarin farawa bai wuce reza da tsofaffin kwalabe ba. Haƙuri ne tsadarsa, domin zogale ko lalle ba sa saiwa don kana sauri.

Kai kuma mai saye, kada koren ganye ya ruɗe ka. Kafin ka biya, duƙa ka matsa gindin karan da yatsa biyu, ka sansana ƙasar. In ka ji laushi ko tsami, ajiye ka ɗauki wani.