Shan Iska A Bakin Ruwan Tiga

Uwargida, bazara ta kama. Daga watan Maris zuwa Mayu zafin Kano kan kai awo 40 har ya wuce, ɗaki ya zama kamar tanda, yara su hana ki sakat da ƙorafi. To, ki lallashi maigida ya ware rana guda ya fita da iyali bakin ruwa. Mu na Unguwa Uku, Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni ba mu da uzuri, don kuwa titin Zariya a ƙofar gidanmu yake, tashar mota kuma ga ta nan kusa.

Madatsar ruwa ta Tiga tana kudu da birni, tafiyar kamar kilomita 70. Gwamnatin marigayi Audu Baƙo ce ta tare Kogin Kano ta gina ta, daga 1971 zuwa 1974. 'Yan makaranta, ku buɗe ido tun a hanya. In kun wuce Kura za ku ga gonaki kore shar a tsakiyar rani, to ruwan Tiga ne ke bin magudanai yana shayar da su har Kadawa. Tumatirin miyar gidanku ma wataƙila daga nan ya fito. Tafkin Bagauda shi ma a wannan yankin yake, sai dai otal ɗinsa da aka yi yayi a da ya zama makarantar horon lauyoyi.

A fita da sassafe. Ki yi guzurin abin da ba ya saurin lalacewa: dambun nama, soyayyen kifi, cincin, da zoɓo mai ƙanƙara. Kunun aya kam a bar shi a gida, kafin azahar zai yi tsami. Ki ɗauki tabarma, buta, da ruwan sha isasshe daga gida. In kun isa ku nemi inuwa, ku zauna ku kalli masunta da kwale-kwalensu. Iskar da ke tasowa daga kan ruwan nan, babu fankar da ta kai ta.

Amma fa 'yar'uwa, kallo aka zo yi, ba wanka ba. Yaro zai ga gefe ba zurfi ya tsoma ƙafa, taku biyu sai ƙasa ta ɓace masa. Wanda ruwa ke ci kuwa sau da yawa ba ya samun bakin yin ihu. Saboda haka kada ki bar wa yayarsu 'yar shekara 10 tsaron ƙanne ke kina hira. Kowane ƙaramin yaro a san babban da ke riƙe da shi.

Akwai kuma tsargiya. Ƙwayar cutar tana girma ne a jikin ƙananan katantanwa na ruwan da ke kwance, ta fito ta huda fatar mai wanka ko wanki ba tare da ya ji ba. Sai bayan makonni ko watanni a ga jini a ƙarshen fitsari. Wasu iyaye har yau suna cewa wai alamar balaga ce ga ɗa namiji. Ba haka ba ne, ciwo ne, yana kama mata ma, in ya daɗe yana taɓa mafitsara da ƙoda. Maganinsa ƙwaya ce, ana samu a asibiti. Kududdufan unguwa da yara ke faɗawa da damina su ma haka suke.

In an ce a shiga kwale-kwale, ki ƙirga mutanen ciki, ki tambayi rigar ruwa. In babu, ku haƙura. Ba mu manta da Bagwai ba, inda a ƙarshen Nuwamban 2021 jirgi ya kife a madatsar Watari, mutum fiye da 20 suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya. Allah Ya ji ƙansu.

Wadda maigida bai samu sukunin tafiya mai nisa ba, ga gidan Zoo nan a bayanmu tun 1972, da manyan itatuwa da inuwa. Ku kuwa na Tiga, ku kamo hanya da la'asar sakaliya, don hanyar Zariya ba ta da daɗin bi da dare.