Ribaɗi: Abin da Mai Ziyara Zai Nema a Garuruwan Bakin Iyaka na Daular Sakkwato

Galibin malaman da ke kai ɗalibansu ziyarar tarihi Sakkwato, wuri biyu su ke tsayawa, watau Hubbaren Shehu da gidan adana kayan tarihi da aka sa wa sunan Waziri Junaidu. Daga nan sai a shiga mota a koma gida, a ce an ga tarihin Daular Usmaniyya. Ba na raina wannan ziyara, don kuwa littattafan hannu da wasiƙu da makaman da ke ajiye a wurin sun isa su tsai da mutum yini guda. Amma fa gidan tarihi, ko wane iri ne, abin da ke ɗaukuwa kaɗai ya ke iya tarawa. Takobi na ɗaukuwa, gari kuwa ba ya ɗaukuwa. Alhali babban aikin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi cikin shekaru ashirin na sarautarsa, daga 1817 zuwa 1837, kafa garuruwa ne a bakin iyaka, waɗanda a ke kira ribaɗi. Wanda ke son ganin wannan aiki tilas ya fita daga birni.

Bari mu fara da kalmar kanta, tun da ita ce sana'ata. Ribaɗi ararriya ce daga Larabci, tushenta kuwa ɗaurewa ya ke nufi, musamman ɗaure doki a wurin da a ke tsammanin abokan gaba za su ɓullo. Daga ɗaure doki ma'anar ta koma kan wurin da aka ɗaure shi, sa'an nan ta koma kan zaman da mutum ya yi can yana tsaro don neman lada. Harafin ƙarshe na kalmar, wanda Larabawa ke faɗa da kaurin baki, Bahaushe ya mai da shi ɗ, kamar yadda ya yi a ɗalibi, da ɗa'a, da sharaɗi, da haɗari. Ya kuma ƙara mata wasali a ƙarshe bisa al'adar harshensa. Tushen nan ne ya ba da sunan Murabiɗai da suka mallaki Maroko da Andalus a ƙarni na 11, shi ne kuma ke cikin sunan birnin Rabat. A Tunisiya har yau ginin ribaɗin Susa da na Munastir suna tsaye, na dutse, masu hasumiya. Na ambace su ne don gargaɗi: wanda ya ga hotonsu ya zo ƙasar Hausa yana neman irinsu zai koma da ɓacin rai. Namu ribaɗin ba gini ɗaya ba ne. Gari ne sosai, da masallaci da kasuwa da gonaki, da ganuwa ta ƙasa.

Me ya kawo bukatarsa? Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808, amma Gobirawa ba su ƙare ba. Haka Katsinawan da aka kora suka yi arewa suka zauna Maraɗi. Ko bayan da Bello ya ci nasara a kansu a yaƙin Gawakuke cikin 1836, Gobirawa suka sake kafa gari a Tsibiri, suka ci gaba da kawo hari. Rundunar jihadi kuwa ba sojan albashi ba ce. Da damina ta kama kowa gonarsa ya ke komawa, makiyayi kuma ya bi shanunsa inda ciyawa ta ke. Iyakar da masu tsaronta ke watsewa ko wace shekara ba iyaka ba ce. Dabarar Bello ita ce a zaunar da mutane a kan hanyoyin da mahara ke bi, su yi noma a nan, su haihu a nan, tsaron garin ya zama tsaron rumbunansu. Ya kwaɗaitar da Filani makiyaya su rage yawo, su ƙara kiwon dawaki da raƙuma da ƙananan dabbobi, su sa 'ya'yansu karatu. Ya kan ɗora ɗansa ko wani ɗan'uwansa a kan garin. Ya kamata kuma malami ya gaya wa ɗalibansa gaskiya, cewa ba duk mazauna ribaɗi ne suka zo da son ransu ba. Bayi da yawa aka zaunar a cikinsu da kewayensu, su ne kuma suka yi mafi yawan aikin haƙa da gini da noma.

Wurno ce uwar waɗannan garuruwa, ita kuma ta fi cancanta a fara da ita. Tana arewa maso gabas da Sakkwato, bisa tudu, tana kallon fadamar Gulbin Rima. Bello ya kafa ta wajen 1830, ya mai da ita mazauninsa, a can ya rasu cikin 1837, a can kuma hubbarensa ya ke. Wannan abin lura ne ƙwarai. Mutumin da ya gina Sakkwato da kansa a 1809, mahaifinsa kuma na kwance a cikinta, ya zaɓi ya zauna ya mutu a garin da ya fi kusa da abokan gaba. Ɗansa Aliyu Babba ya bi sawunsa, shi ya sa da Heinrich Barth, Bajamushen matafiyin nan, ya zo a 1853, Wurno aka sauke shi, ya yi makwanni a cikinta Sarkin Musulmi na wurin yaƙi.

Shawarata ga malami ita ce, bayan an yi ziyara a hubbare an yi addu'a, kada a juya. A fita da ɗalibai gefen tudun a tsaya, a tambaye su: don me aka kafa gari a nan, ba can ba? Da kaɗan da kaɗan za su gano amsa da idonsu. Daga tudu ana hango ƙurar dawaki tun daga nesa. Fadama da damina ta kan cika, ta zama shinge wanda doki ba ya ratsawa da sauƙi; da rani kuma ita ce ke ba da ruwa da ciyawa da abinci. Shinkafa da albasa da tafarnuwar da aka san Wurno da su yau, a kan wannan fadama su ke fitowa. Watau abin da ya tsare garin shi ne ya ciyar da shi, kuma shi ya sa garin ya rayu bayan yaƙin da aka kafa shi dominsa ya wuce. Ɗalibin da ya gane wannan a tsaye bisa tudu ba zai manta ba, ko da ya manta shekarun.

Sauran garuruwan ba sai na daɗe a kansu ba. Raba, inda aka haifi Sardauna Ahmadu Bello, da Isa, suna cikin wannan jeri. Cimmola mazaunin Sarkin Musulmi Ahmadu Atiku ce, ga ta kuwa kusa da Degel inda Shehu ya tashi hijira zuwa Gudu a 1804. Gwadabawa ta zo daga baya, aikin Muhammadu Maiturare ce. Sarakunan gabas su ma sun ɗauki dabarar: Ibrahim Dabo na Kano ya zauna Fanisau, inda Clapperton ya je gaishe shi a 1824, a Bauci kuma aka kafa Kafin Madaki don tare Ningawa. A can ne gidan Madaki ya ke, ginin Babban Gwani, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya.

Sunan Kafin Madaki ya kawo mu ga shaidar da ta fi ganuwa ƙarko, watau sunayen wurare. Bahaushe ba ya kiran mazauni duka da suna ɗaya. Kafi gari ne da aka kewaye da itatuwa kafaffu, daga aikatau kafa. Birni shi ne mai ganuwa. Sansani na mayaƙa ne, zango na fatake, rinji na bayin gona. Tunga kuwa, wadda ta cika ƙasar Sakkwato da Kabi, ƙaramin mazauni ce ta waɗanda suka zo suka tsaya, kuma har yanzu mu kan ce wane ya ja tunga idan ya tsaya ya ƙi gusawa. In malami ya shimfiɗa taswira ya sa ɗalibai su ja layi ƙarƙashin ko wane suna mai ɗauke da ɗaya daga kalmomin nan, zai ga tarihin zama yana fitowa tun ba a buɗe littafi ba. Amma a yi hattara. Suna na nuna irin zaman, ba ya nuna na wane ne. Sabon Birni, alal misali, ba ribaɗin Sakkwato ba ce, Gobirawa ne suka kafa ta.

Wannan kuwa ya tuna mana cewa iyaka fuska biyu gare ta. Abin da mutumin Wurno ya kira tsaro, Bagobirin Tsibiri cin ƙasarsa ya kira shi. Tsibiri da Maraɗi yanzu suna Jamhuriyar Nijar, wata iyaka ta Turawa ta raba su da 'yan'uwansu. Wanda tsallakawa ta yi masa wuya, ya je Argungu. Kabawa sun yi ta fafatawa da Sakkwato da Gwandu har zuwan Turawa, kuma tsohuwar fadarsu, wadda sarki ya bari a 1942, ita aka mai da gidan tarihi na Kanta a 1958. Ɗalibin da ya ga makaman Sakkwato da safe, ya ga na Kabi washegari, zai daina zaton labarin murya ɗaya gare shi.

Akwai abu biyu da ke sa wannan aiki ya zama na gaggawa. Na farko, ganuwar ƙasa ba ta jira. Ruwan sama na cinta, mai gini na ɗibarta ya yi tubali, garma na bi ta kanta. A kufai irin na Alƙalawa mai ziyara sai ya koyi karanta ƙasa: tudu mai tsawo wanda ya miƙe fiye da yadda tudun Allah ke miƙewa, kwari a bayansa inda aka haƙi ƙasar, tsingaro a cikin kunya, tsofaffin rijiyoyi, kukoki a cunkushe inda ba gida. Na biyu ya fi ciwo. Yankin gabashin Sakkwato, musamman Isa da Sabon Birni, ya sha fama da 'yan bindiga a shekarun nan, har ƙauyuka da dama sun watse. Ba malamin kirki da zai kai 'ya'yan mutane can ba tare da ya bincika lafiyar hanya ba, kuma wasu wuraren dole a haƙura da su tukuna. Sai dai in ƙauye ya tashi, tsofaffinsa na tashi da sunayen gonaki da na ƙofofi da na unguwanni, waɗanda ba a taɓa rubutawa ba.

Don haka ga abin da na ke roƙon malaman kwalejojin horon malamai. Kusan ko wane aji a arewa maso yamma akwai ɗan ɗaya daga garuruwan nan. A sa shi, in ya je hutu ko in iyayensa sun yi ƙaura zuwa birni, ya zauna da dattijo ya ɗauki muryarsa a waya: sunan ko wace ƙofa da inda ta dosa, sunan ko wace unguwa da sana'ar mutanenta da inda kakanninsu suka fito. A bar tsohon ya faɗa da karin harshensa, kada a gyara masa sun ka zuwa suka, kada kuma a mai da sunan yadda ya ke a allon bakin hanya, don allon ba ya nuna ƙugiya, ba ya nuna tsawon wasali. Alƙalawa ma, in aka rubuta ta da k maras ƙugiya, alƙalin da aka ce a gonarsa aka kafa birnin ya ɓace daga cikin sunan.