Landan Zuwa Faris: Tafiyar Da Agogo Ke Ruɗa Matafiyi

Duk wanda ya riƙe tikitin jirgin sama na zuwa Faris daga Landan, ya dubi lokacin tashi da na sauka, sai ya yi tsammanin akawu ya yi kuskure. A ce jirgi zai tashi daga filin Heathrow da ƙarfe 9 na safe, tikiti zai nuna sauka a filin Charles de Gaulle wajen ƙarfe 11 da minti 20. Amma a komowa, in an tashi daga Faris da ƙarfe 9, sai a ga an rubuta sauka Landan ƙarfe 9 da minti 20. To, yaya za a yi zuwa ya ci awa biyu da 'yan kai, komowa kuwa minti 20 kacal?

Ba kuskure ba ne. Agogon Faransa yana gaba da na Ingila da awa guda, rani da damina, kuma kowane fili da agogon garinsu ake rubuta lokacinsa. Saboda haka zuwa da komowa duk ɗaya ne, wato kimanin awa guda da minti 20.

Nisan da ke tsakanin filayen nan biyu kuwa kimanin kilomita 350 ne, wato wajen mil 215. Bai ma kai rabin na Ikko zuwa Kano ba. Tafiyar da jirgi ke yi a sama ba ta cika kai awa guda ba. Sauran lokacin yakan tafi ne wajen bin layin tashi, da shawagi ana jiran iznin sauka, domin filayen biyu suna cikin waɗanda suka fi cunkoso a Turai.

Hanyar nan tsohuwa ce. Ran 25 ga Agusta 1919 aka soma jigilar fasinja kullum tsakanin biranen biyu, daga filin Hounslow zuwa na Le Bourget. Jirgin ranar ya yi wajen awa biyu da rabi a hanya.

Abin mamaki, matafiyin yau ba lalle ya riga na 1919 isa masauki ba. Kowane ɗaya daga filayen yana bayan gari da fiye da kilomita 20. Ga zuwa da wuri don awon kaya, ga bincike, ga duba fasfo, ga jiran akwati bayan sauka. In aka haɗa duka, awa huɗu ta tafi. Shi ya sa tun 1994, da aka buɗe hanyar jirgin ƙasa ta ƙarƙashin teku, mutane da yawa suka koma can. Jirgin Eurostar yakan ɗauki mutum daga tsakiyar Landan ya sauke shi tsakiyar Faris cikin kimanin awa biyu da minti 20.

Wanda ya fi kowa bukatar lura shi ne mai canjin jirgi a Faris. In ya sauka bai tura agogonsa gaba ba, yana zaune yana ganin da sauran awa guda, jirginsa kuwa ya riga ya ɗaga, kuɗin tikiti ya bi ruwa. Maganin abin shi ne gyara agogo tun kafin a fita daga jirgi, da barin tazara mai yawa tsakanin sauka da tashi. Hausawa dai sun ce sauri kan haifi nawa.