Sarƙar babur a hanyoyin Kudancin Kano: Dalilin da ya sa ake sauya ta tare da farantanta

Duk wanda ya sauka daga kan kwalta a Kwanar Dangora ko Tudun Wada ya nufi ƙauyukan ciki, ya san babur ne motar wannan yanki. Tun da aka hana sana'ar acaɓa a cikin birnin Kano a watan Janairun 2013, babur ya ragu a titunan birni, amma a Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa shi ne ke fito da buhunan masara da shinkafa daga gona zuwa bakin titi, shi ne kuma ke kai malamin makaranta da ma'aikacin rigakafi wurin aiki.

Ƙarfin injin babur yana isa ga tayar baya ne ta hanyar abubuwa uku: ƙaramin faranti mai haƙora a jikin inji, da babba a jikin taya, da sarƙar da ta haɗa su. Waɗannan ukun su ne suka fi shan wahala a irin hanyoyin yankin. Da damina laka ke manne musu a fadamun da ke kewayen madatsar ruwa ta Tiga, da rani ƙura, sannan ga hawa da gangara a tsaunukan Riruwai da gefen dajin Falgore. Idan yashi ya gauraya da man da ke jikin sarƙa, sai ya riƙa goge ƙarfen a hankali.

Ana yawan cewa sarƙa ta "miƙe", amma ƙarfen ba ya miƙewa. Ƙananan ƙusoshin da ke haɗa gaɓoɓinta ne ke cinyewa, sai tazarar da ke tsakanin gaɓa da gaɓa ta ƙaru. Daga nan sarƙar ba za ta ƙara zama daidai a tsakanin haƙora ba, sai ta riƙa hawa kansu tana fiƙe su, har su lanƙwashe kamar bakin lauje. Ƙaramin farantin ya fi saurin lalacewa, domin yakan juya kusan sau uku kafin babban ya juya sau ɗaya.

A nan ne masu babura da dama ke yin asara da sunan tsimi. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da tashin farashin kayan gyara, wasu kan sayi sarƙa kawai, wasu kuma su sa a yanke gaɓa ɗaya ko biyu daga tsohuwar. Sai dai tsofaffin haƙora kan cinye sabuwar sarƙa cikin ɗan lokaci, kamar yadda tsohuwar sarƙa ke lalata sabon faranti. Wanda ya sauya ɗaya ya bar biyu, zai koma wurin bakanike sau biyu. Araha ba ta ado.

Gane lokacin sauyi ba shi da wuya. A kama sarƙar ta bayan babban farantin a ja ta. Idan ta ɗago har aka ga rabin haƙori, ta gama aiki. Haka nan idan an ja tayar baya har ƙarshen ma'aunin ɗauri amma sarƙar tana lilo, ko kuma tana yin tauri a wani wuri ta saki a wani idan ana juya taya. Babur da ke fizga lokacin tashi kuwa, sau da yawa robobin da ke cikin cibiyar tayar baya ne suka mutu, don haka ya kamata a duba su a lokaci guda.

Wajen ɗaura sabuwa, a bar mata sassauci na kimanin santimita 2 zuwa 3 a tsakiya, domin ɗaurin da ya yi tsanani yana lalata boris ɗin inji, musamman idan an yi lodi. Alamomin ɗauri na dama da na hagu su zo daidai, sannan ƙugiyar da ke kulle mahaɗin sarƙa ta kasance rufaffen kanta yana fuskantar inda sarƙar ke tafiya. Bayan tafiya cikin laka a wanke ta da kananzir, a shafa mai mai tsabta maimakon baƙin man da aka juye daga inji, a kuma mayar da murfinta.

Maganar ta wuce ta kuɗi. Sarƙar da ta tsinke ko ta goce ana cikin gudu tana iya ƙulle tayar baya nan take, ko ta fasa jikin inji. A gangara, da buhu biyu ko mai juna biyu a baya, wannan magana ce ta rai. Ɗan kasuwar da ya ba da babur haya, da ofishin da ya raba wa ma'aikatansa babura, suna da haƙƙin tambayar bakanike ko duka ukun aka sauya.